Ƙodar hagu da ƙodar dama: nazarin dashen da aka yi a Lesta a 2010

A ƙarshen shekarar 2010 aka cire ƙoda biyu daga jikin wani mamaci a Birtaniya wanda shekarunsa suka ɗan haura sittin. Ta dama an bi da ita yadda aka saba, daga ƙanƙara sai ɗakin tiyata. Ta hagu ma ta sha ƙanƙara, amma kafin a dasa ta sai likitocin wani asibiti a birnin Lesta suka jona ta da na'ura, suka zagaya mata jini mai ɗumi na minti 35. Kafin ranar ba a taɓa dasa wa ɗan Adam ƙodar da aka yi wa haka ba. Masu kallon ƙwallo da kofin Firimiya na 2016 suke tuna Lesta, likitocin dashe kuwa da wannan aikin. Wannan nazari ya bi matsalar da ta kai su ga gwajin, da abin da ya faru da mutum biyun da aka dasa wa ƙodojin, da abin da shekarun baya suka nuna.

Daga 1969: ƙanƙara da iyakarta

Da zarar jini ya daina shiga ƙoda ta fara lalacewa, kuma a ɗumin jiki lalacewar da sauri take. Maganin da aka dogara da shi tun 1969, lokacin da Geoffrey Collins ya nuna yana aiki, shi ne sanyi. A ɗura ruwan magani mai sanyi ta jijiyar ƙodar har jinin ciki ya fita tas, launinta ya koɗe, a ƙulle ta cikin ledoji masu tsabta, a binne ta cikin ƙanƙara a akwati irin kula. Ba lantarki, ba abin da zai lalace a hanya, kuma ba tsada. A ƙarshen shekarun 1980 Folkert Belzer da James Southard suka haɗa wani ruwan da ya fi na da a Jami'ar Wiskonsin, sai hanyar ta ƙara kafuwa.

A digiri 4 na ma'aunin Salshiyos aikin ƙwayoyin ƙoda yana raguwa zuwa wajen kashi 10 cikin 100 na yadda yake a jiki. Raguwa ya yi, bai tsaya ba. Ƙwayoyin suna ci gaba da cin ɗan guzurin da ya rage musu ba tare da iskar oksijin ba. Idan guzurin ya ƙare, ba su iya fitar da gishirin da ke kwarara cikinsu, ruwa ya bi gishiri, su kumbura. Wasu sinadarai kuma suna taruwa a cikinsu, waɗanda ke rikiɗa su zama masu ƙona nama a daidai lokacin da aka saki jinin mai karɓa ya shiga da oksijin a tashi ɗaya. Wato wani kaso mai yawa na ɓarnar a kan gadon tiyata yake aukuwa, lokacin da kowa ke murnar ganin ƙodar ta yi ja.

Sakamakonsa shi ne ƙodar ta yi nauyin tashi. A lissafin likitoci, duk wanda aka dasa wa ƙoda sannan ya buƙaci wankin ƙoda cikin kwana bakwai na farko, tasa ta yi jinkirin fara aiki. A gefen gado abin da ake kallo jakar fitsari ce. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa duk awa ta duba abin da ya taru, ta rubuta. Ƙodar da ta tashi nan take tana iya cika jakar sau da yawa a yini guda. Wadda ta yi nauyi kuwa sai a wayi gari da ɗan abin da bai kai cikin kofin shayi ba, mara lafiya ya koma kan injin da ya ɗauka ya yi ban kwana da shi, da sabon ɗinki a ciki. Zaman asibiti ya tsawaita. Sai an riƙa tsakuro ɗan nama daga ƙodar da allura ana dubawa, domin idan jiki ya fara ƙin ta ba za a gane daga fitsari ba, tunda babu fitsarin.

Shekarun 1990 zuwa 2000: ƙodojin da a da ba a karɓa

Ƙodar matashi mai lafiya tana jure wa ƙanƙara sosai. Matsalar ita ce irin waɗannan ba su isa masu jira ba, sai asibitoci suka koma ga iri biyu da a da ake kau da kai daga gare su.

Na farko ƙodar wanda zuciyarsa ta tsaya kafin a cire. Wanda aka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu yana kan injin numfashi, zuciya na harba jini har zuwa lokacin da za a ɗura ruwan sanyi. Wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa, ƙodarsa takan yi wasu mintuna a ɗumi babu jini kafin a kai gare ta. Lesta na cikin wuraren farko a Birtaniya da suka koma amfani da irin waɗannan, tun farkon shekarun 1990. Yawancinsu sun yi aiki daga baya, amma mafi yawa sai da aka sha jira, wasu kuma ba su tashi ba sam. Na biyu ƙodar dattijai. A ƙa'idar da aka tsayar a Amurka a 2002, mai bayarwa yana shiga wannan rukuni idan ya kai shekara 60, ko kuma yana tsakanin 50 da 59 kuma yana da biyu daga abu uku: hawan jini, mutuwa ta bugun jini a ƙwaƙwalwa, ko alamar raunin ƙoda a gwajin jininsa. Mamacin wannan nazari ya shiga rukunin ta shekaru kaɗai.

Mai karatu a Najeriya zai iya cewa bai taɓa jin ana wannan muhawara ba, kuma da dalili. Dashen da ake yi a ƙasar, har da wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a 2002, daga rayayyen mutum ake ɗaukar ƙodar, galibi ɗan'uwa. Daga wannan ɗakin tiyata zuwa na kusa da shi take tafiya, ba ta daɗewa a sanyi. Tambayar ajiya tana tasowa ne inda ake karɓa daga mamaci, a yi gwajin dacewa, a kira mai karɓa daga gida cikin dare, a yi tafiyar sa'o'i da akwati.

2005 zuwa 2010: an gwada na'urar sanyi

Na'ura ba sabon abu ba ce a wannan fage. A 1967 Belzer, yana San Faransisko a lokacin, ya ajiye ƙodar karnuka har awa 72 ta hanyar tura mata ruwan jini mai sanyi da famfo, a 1968 kuma ya wallafa labarin ƙodar mutum da ta yi awa 17 a na'urarsa aka dasa ta. Sai dai na'urar katuwa ce, sai da mota ake ɗaukarta, don haka akwatin ƙanƙara ya ture ta gefe a yawancin Turai. Da aka ƙera ƙanana masu batir, sai aka sake waiwayar ta.

Gwaji mafi girma an yi shi a 2005 da 2006 a Holand da Beljiyam da wata jiha a yammacin Jamus, aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2009. Mamata 336, kowanne ƙodarsa ɗaya a na'urar sanyi, ɗaya a ƙanƙara, ta hanyar ƙuri'a. Jinkirin fara aiki ya sami mutum 70 a ɓangaren na'ura, 89 a ɓangaren ƙanƙara. Bayan shekara guda kashi 94 cikin 100 na ƙodojin na'ura suna aiki, na ƙanƙara kashi 90.

A Birtaniya labarin ya sha bamban. Wani gwaji a kan ƙodojin waɗanda zuciyarsu ta tsaya, da aka wallafa a 2010, an dakatar da shi bayan mamata 45 saboda ba a ga alamar bambanci ba: jinkiri kashi 58 a na'ura, 56 a ƙanƙara. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne da yawa daga ƙodojin sai da suka yi sa'o'i a ƙanƙara kafin a ɗora su a na'urar, alhali a gwajin Turai tun daga asibitin mamaci ake jona su. Ko ma mene ne dalili, likitan da ke Ingila a 2010 yana da sakamako biyu masu karo da juna a gabansa. Ga kuma wani giɓi da na'urar sanyi ba ta cike ba: ƙoda a digiri 4 ba ta yin fitsari, don haka ba a ganin aikinta sai an dasa.

Shekarun gwaji da aladu

A Lesta, likitan tiyata Michael Nicholson da mai bincike Sarah Hosgood sun ɗauki wata hanyar. Maimakon a ƙara gyara sanyi, a mayar wa ƙodar da ɗumi da oksijin na ɗan lokaci a wajen jiki, ta sake tara guzuri kafin ta haɗu da jinin mai karɓa. Kayan aikin aro suka yi daga tiyatar zuciyar yara: famfo mai juyawa, da matatar da ke sa wa jini oksijin, da abin ɗumama shi, da tulun da jini ke komawa. Da ƙodar alade suka yi ta gwaji shekara da shekaru, saboda girmanta da tsarinta sun yi kusa da na mutum.

Ba komai ne ya yi ba. An gwada ruwan roba mai ɗaukar oksijin a madadin jini, bai kai ga marasa lafiya ba. Jini ɗungurungum ma yana da illa, domin fararen ƙwayoyinsa su ne ke afka wa naman da ya ji rauni su hura wutar kumburi. A 2006 ƙungiyar ta nuna cewa idan aka tace su aka fitar, ƙodar ta fi aiki. Daga nan aka tsaya a kan jajayen ƙwayoyin jini zalla, a tsinka su da ruwan ƙarin ruwa, a sa maganin hana jini daskarewa, da mai buɗe jijiyoyi, da sukari da sauran abinci.

Sun kuma yanke shawarar ba za su yi tafiya da ƙoda a ɗumi ba. Idan famfo ya tsaya a kan hanya, ƙoda mai ɗumi ta tafi kenan, ta cikin ƙanƙara kuwa ba ruwanta. Don haka a bar ƙanƙara ta yi jigila, a yi ɗumamawar a ƙarshe, a ɗakin tiyata, yayin da ake shirya mara lafiya.

Ƙarshen 2010: minti 35

Ƙodar hagu ta yi awa 11 a ƙanƙara, kuma wasu asibitocin dashe sun riga sun ƙi ta. Wadda za a dasa wa mace ce 'yar shekara hamsin da 'yan kai.

Yadda aikin ke tafiya, ana fito da ƙodar a gyara ta a kan tebur, a share kitse, a saka bututu a jijiyar da ke kai jini, wani a mai fitar da shi, wani siriri a hanyar fitsari. A ajiye ta a kwano mai tsabta a kunna famfo. Abu uku ake zuba wa ido. Launi: ko za ta tashi daga koɗaɗɗiya ta yi ja ko'ina, ko za a ga dabbare-dabbare inda jini bai ratsa ba. Gudun jini: ko yana ƙaruwa yayin da jijiyoyi ke saki. Sai fitsari: ko zai fara ɗiga daga siririn bututun, a auna, a mayar da ruwa daidai abin da ya fita. Wannan ƙoda ta yi minti 35 a matsakaicin ɗumi na digiri 33.9, ƙasa kaɗan da ɗumin jiki. Daga nan aka sake wanke ta da ruwan sanyi aka dasa.

Ƙodar dama ta yi awa 14 a ƙanƙara, ba na'ura, aka dasa wa wani namiji wanda shi ma ya ɗan haura hamsin.

Wata uku na farko

Ƙodar matar ba ta tashi da gudu ba. A hankali ta riƙa aiki, amma ba a mayar da matar kan injin wanki ko sau ɗaya ba. Namijin kuwa tasa ta yi kwana 26 kafin ta kama aiki.

Ana auna aikin ƙoda da wani datti mai suna kiriyatinin da take tacewa daga jini. Yawansa alamar rauni ce, kuma a jikin baligi mai lafiya yakan tsaya tsakanin 60 da 110 a ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya. Bayan wata uku na matar 132 ne, na namijin 218. An wallafa wannan a mujallar Transplantation a 2011.

2011 zuwa 2018: daga ɗaya zuwa goma sha takwas, sannan waɗanda aka ƙi

A 2013 ƙungiyar ta fitar da sakamakon ƙoda 18 daga rukunin dattijai, kowacce ta yi wajen awa guda a na'urar ɗumi. Ɗaya tak ta yi jinkiri, wato kashi 5.6. An kwatanta su da ƙoda 47 irinsu da aka dasa daga ƙanƙara kai tsaye, inda 17 suka yi jinkiri, kashi 36.2. Bayan shekara guda ba a ga bambanci ba a yawan ƙodojin da ke aiki ko marasa lafiyar da ke raye. Ba da ƙuri'a aka raba rukunin biyu ba.

A nan aikin ya yi reshe. Tunda ana ganin ƙodar tana aiki, ana iya ba ta maki. A 2015 suka fitar da ma'auni daga 1 zuwa 5 bisa abubuwa ukun nan, launi da gudun jini da fitsari, 1 ce mafi kyau. Bayan sun koma Kambirij sai aka kawo musu ƙoda biyu na wani matashin mamaci da zuciyarsa ta tsaya, waɗanda duk asibitocin dashe na Birtaniya suka ƙi saboda ruwan sanyi bai wanke su sosai ba, sun yi dabbare-dabbare. Awa guda a na'ura tabon ya washe, ɗaya ta sami maki 1, ɗaya 2, aka dasa su duka. Ɗaya ta tashi nan take, ɗayar ta yi jinkiri sannan ta kama. An wallafa a 2016. A rahoton 2018 kuma, cikin ƙoda 55 da aka ƙi aka miƙa musu, 10 sun hau na'ura, an dasa 5, kuma 4 daga ciki sun fara aiki ba jira.

2016 zuwa 2023: babban gwaji

Daga Fabrairun 2016 zuwa Maris na 2020 aka yi gwajin ƙuri'a a cibiyoyi huɗu, Kambirij da Landan da Niyukasil da Edinbara, a kan ƙodojin waɗanda zuciyarsu ta tsaya. An raba ƙoda 338: wasu ƙanƙara zalla, wasu ƙanƙara sannan awa guda a na'urar ɗumi. Waɗanda suka shiga lissafin ƙarshe 277 ne. Jinkiri ya sami 82 cikin 135 a ɓangaren na'ura, kashi 60.7, da 83 cikin 142 a ɓangaren ƙanƙara, kashi 58.5. Ba a sami ƙarin toshewar jijiya ko kamuwa da ƙwayar cuta ba saboda na'urar. Hosgood da Nicholson da abokan aikinsu suka wallafa shi a mujallar Nature Medicine a 2023.

A cikin waɗannan shekaru na'urar sanyi ta ci gaba da tara hujja. Holand ta mayar da ita ƙa'ida ga ƙodojin mamata a duk ƙasar daga 2016. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2019, wadda ta haɗa gwaje-gwaje 16, ta sami cewa tana rage jinkiri da wajen kashi 23 cikin 100 idan aka kwatanta da ƙanƙara.

Hukunci

Kwana 26 da babu ko ɗaya, 218 da 132: duk wanda ya ga waɗannan alƙaluma a 2011 zuciyarsa za ta ba na'ura gaskiya. Amma mutum biyu ne masu jiki daban da tarihin ciwo daban, kuma ƙodar dama ta fi ta hagu daɗewa a sanyi da awa uku. Ko ba na'ura ana samun ƙodojin mamaci ɗaya su saɓa haka. Abin da dashen 2010 ya tabbatar shi ne ana iya ɗumama ƙodar mutum a wajen jiki, a sake sanyaya ta, a dasa, ba a cutar da mai karɓa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma babban gwajin ya sake tabbatar da shi. Cewa minti 35 ne suka hana matar komawa wanki, wannan ba a tabbatar ba. Jerin 2013 ma ya yi ƙanƙanta: a cikin 18, da biyu ko uku sun ƙaru a masu jinkiri, da hoton ya sauya.

Dalilan da suka sa awa guda ba ta rage jinkiri ba, hasashe ne masu ƙarfi, ba tabbaci ba. Mai yiwuwa awa guda ta yi kaɗan bayan sa'o'i masu yawa a ƙanƙara, ga kuma sanyi na biyu da ƙodar ke sha kafin a gama ɗinki. Jinin da ya daɗe a ma'ajiya yana fashewa a cikin famfo ya saki abin da ke cutar da ƙoda. An kuma gano ƙodar kanta tana zubar da sinadaran kumburi cikin jinin da ke zagaya ta, su yi ta dawowa gare ta. Sannan ma'aunin kansa ba shi da kaifi: wanda aka yi wa wanki sau ɗaya saboda wani gishirin jininsa ya hau, da wanda ya yi wata guda yana jira, duk ɗaya ake ƙirga su.

A ganina, inda na'urar ɗumi ta biya kuɗinta ba inda aka fara neman ta ba ne. An ƙera ta don ta gyara ƙoda, sai ta fi amfani wajen nuna halin ƙoda. Likitan da aka kira da tsakar dare aka ce ga ƙoda mai tabo, a da ba shi da abin dogaro sai ido da shekarun mamaci, kuma tsoro yakan sa ya ce a'a. Biyun nan na 2016 da biyar ɗin rahoton 2018 an riga an yanke musu hukuncin zubarwa. Sai dai 5 cikin 55 ya nuna tsadar abin: sai an sami ɗakin tiyata, da jini, da ma'aikatan da suka iya na'urar, da mara lafiyan da ya yarda a dasa masa abin da wasu suka ƙi, duk a dare guda. Idan kuwa abin da ake so shi ne rage jinkiri, hujja tana tare da na'urar sanyi da aka jona tun daga asibitin mamaci.

Batun tsawon lokaci shi ake bi yanzu. A 2025 wata ƙungiya a Oksfod ta wallafa dashen mutum 36 da ƙodojinsu suka zauna a na'urar ɗumi daga awa biyu zuwa kusan awa 24, ana mayar da fitsarin da ƙodar ta yi cikin jinin da ke zagaya ta maimakon a zubar. Gwajin matakin farko ne, an tsara shi don a ga ko abin zai yiwu lafiya, ba don a auna shi da ƙanƙara ta hanyar ƙuri'a ba.